Ƙofar Zuciya: Waƙa da Sharhinta

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa Mai kashewa, wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da magani, Ya sanya lafiya ta zama aro a hannun bawa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, wannan 'yar waƙa ce mai baiti ashirin da na tsara bayan likita ya shaida mani cewa ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyata ta lalace, ina da shekara 46 a duniya. Da na rera ta a zaure bayan sallar lisha, sai wasu 'yan'uwa suka nemi in yi mata sharhi, domin a cikinmu akwai masu irin wannan ciwo suna ɓoyewa, akwai kuma waɗanda suka ajiye magani suna cewa sun dogara ga Allah. Mas'alar da za mu duba guda ce: mutumin da aka gaya wa yana ɗauke da ciwon da zai zauna da shi, yaya yarda da ƙaddara take a gare shi, me take son ya yi, me take son ya bari? Allah Ya sa mu dace.

FASALI NA FARKO

Da sunan Ta'ala nake fara waƙa,
Gwanin da Ya tsara bugun zuciya.

Salati ga Ɗaha da Alu, Sahabbai,
Da masu biyar su cikin gaskiya.

Ina tafiyata kamar kowa dai,
Ina ce da kaina akwai lafiya.

Sai numfashina ya soma gazawa,
Tudu ɗan kaɗan ya tsare tafiya.

Gwanin asibiti ya saurari ƙirji,
Ya ɗago ya ba ni batun gaskiya:

Akwai wata ƙofa cikin huɗun nan,
Da ta ƙuntata, ta rage juriya.

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwa, zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu. Kowace ƙofa tana da ƙyaure na tantani mai laushi, yana buɗewa jini ya wuce, ya rufe don kada ya komo baya, kamar bawul ɗin da mai faci ya sani a tayar keke, iska ta shiga ba ta fita. Zuciyar baligi tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare. Da na buga lissafi sai na ga ƙofofina sun buɗe sun rufe fiye da sau biliyan ɗaya da rabi, ban taɓa sanin suna nan ba, balle in gode a kansu.

Lalacewar ƙofa iri biyu ce: ko ta ƙuntace jini ya riƙa wucewa da ƙyar, ko ta kasa rufewa ta riƙa yoyo. Tawa ita ce wadda likitoci ke kira mitiral, tana tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a ɓangaren hagu, kuma ƙuntacewa ta yi. Idan ta ƙuntace sai jini ya taru ya koma wajen huhu, shi ya sa numfashi yake yankewa, kwanciya rigingine ta gagara, daga baya ƙafafu su kumbura. Tun da daɗewa malamin nan Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya bayyana cewa jini yana barin ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya shiga na hagu. Abin sauraren ƙirji da likita ya ɗora mani, wani likitan Faransa mai suna Laennec ne ya ƙirƙiro shi a 1816. Na'urar eko kuwa, wadda ke nuna hoton zuciya tana motsi, a ƙasar Suwidin aka fara aiki da ita a 1953. Da ita na ga ƙofata da idona, tana yunƙurin buɗewa tana kasawa.

FASALI NA BIYU

Daren nan ban runtsa ba, sai lissafi,
Na 'ya'ya da bashi da 'yar ajiya.

Na ce: don me ni? Kuma sai na tuna
Da ban ce hakan ba a kan lafiya.

Sharhi: Ba zan ɓoye maku ba, 'yan'uwa, tsoro ya kama ni. Ni da nake karantar da babin haƙuri, nake zuwa gaisuwar marasa lafiya ina ba su baki, sai ga shi na kwana ina ƙirga shekarun ƙaramin ɗana. Na ji kunya ƙwarai, na ɗauka imanina ne ya yi rauni.

Da na koma ga abin da malamai suka karantar da mu, sai na ga na tsananta wa kaina. Tsoro da baƙin ciki ɗabi'ar ɗan Adam ce, ba su kore haƙuri. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari. Annabi Ayuba ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma Allah Ya yabe shi da haƙuri. Abin da ake kira haƙuri shi ne tsare harshe daga zargin Ubangiji, da tsare gaɓoɓi daga aikin da Ya hana, ko da zuciya tana raɗaɗi. Sama da shi akwai darajar yarda, wato ran bawa ya natsu da zaɓin da aka yi masa. Malamai da yawa sun ce haƙuri wajibi ne, yarda kuwa abin so ce, ana hawa zuwa gare ta a hankali. Saboda haka wanda aka gaya wa labari yau, kada ya tuhumi kansa don bai kai ga yarda ba gobe.

Amma tambayar nan ta "don me ni", na dube ta na ga ba ta da ƙafar tsayawa. Shekara arba'in da wani abu ina cikin lafiya, sa'o'ina suna mutuwa da ƙyanda da sanƙarau da haɗarin mota, ban taɓa tashi da dare na ce don me aka bar ni ba. Wanda ya karɓi kyauta bai nemi dalili ba, da wane baki zai nemi dalili ranar da aka rage ta?

FASALI NA UKU

Akwai zuciyar nama, tsoka a ƙirji,
Akwai wadda ke ɗauke da shiriya.

Ta farko likita ke duba ta,
Ta biyun da tuba take kariya.

Sharhi: Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, wato 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u cewa kalmar zuciya tana da ma'ana biyu: tsokar da ke cikin ƙirji, wadda dabba ma tana da ita, da kuma wani sirri na Ubangiji wanda da shi mutum yake sani, yake imani, ake kuma yi masa hisabi. Cutar ta biyun ita ce hassada da girman kai da riya, maganinta tuba da zikiri. Cutar ta farko kuwa sha'anin nama da jini ce.

Na kawo wannan ne domin mutanenmu suna cakuɗa su. Da labarina ya fita, wani ya ce jifa ce, wani ya ce ɓacin rai ne iyali suka sa mani, domin a Hausa in an ce ciwon zuciya, baƙin ciki ake nufi. Wani kuma ya yi shiru irin shirun da ke cewa: ko me malam ya aikata? Duk wannan zato ne, kuma zato yana raba zumunci. Na san gidan da aka daina gaisawa da kishiyar uwa saboda ciwon da ƙwayar cuta ta haddasa.

In ka ce: ashe ba a jarrabar bawa saboda zunubinsa? Sai in ce: cuta tana kankare zunubi, tana kuma ɗaga daraja, kuma annabawa sun fi kowa shan jarrabawa alhali su ne mafi tsarkin bayi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha zazzaɓi mai tsanani. Majinyaci yana da damar ya binciki kansa ya tuba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Kai mai kallo ba a ba ka ilmin gaibu ba, abin da aka ɗora maka shi ne gaisuwa da addu'a da taimako.

FASALI NA HUƊU

Ashe tun ƙuruciya ciwon ya shigo ni,
Maƙoshi da zafi, muna dariya.

Iyayenmu ba su da laifi a kansa,
Mu ke da shi yanzu idan mun ƙiya.

Sharhi: Likita ya tambaye ni ko na taɓa yin ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ina yaro, gaɓoɓina suka kumbura, ciwon yana tashi daga gwiwa ya koma idon sawu. Na tuna an yi haka ina makarantar allo, aka ce sanyi ne, aka kai ni wurin wanzami ya cire mani beli. Ya ce to daga nan ne.

Bayanin shi ne, akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, tana yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe. Idan ba a kashe ta da magani ba, a jikin wasu yaran sai garkuwar jiki ta ruɗe, ta bar abokin gaba ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gaɓoɓi su warke, ƙofa kuwa ta yi tabo, tabon ya yi ta ƙanƙancewa shekara goma, ashirin ko fiye, mutum bai sani ba. Akwai wasu sabubban, kamar tsufa da ke sa ƙofa ta ƙandare, ko a haifi mutum da ita a karkace, amma a ƙasashen talakawa wannan na ƙuruciya shi ne kan gaba. Masu ɗauke da shi a duniya sun haura miliyan 40, yana kashe fiye da mutum 300,000 kowace shekara, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Maganin da ke tare shi tun a maƙogwaro kuwa, wato fenisilin, yana cikin mafi arahar magunguna.

Da na ji haka raina ya ɓaci, na ce ashe allurar 'yan kuɗi kaɗan ce ta raba ni da lafiya. Nan ne shaiɗan yake shiga da kalmar "da an yi kaza". Mahaifana, Allah Ya jiƙan su, sun yi iyakar abin da suka sani, ba a kama mutum da ilmin da bai zo masa ba. Abin da ya wuce sai a ce ƙaddara, a rufe bakinsa. Amma ƙaddara ba ta zama hujja ga abin da bai auku ba tukuna. Ni yanzu na sani, ku ma da kuka karanta kun sani. Malamin da ke da almajirai talatin a ɗaki guda, yaro ya kwana da zazzaɓi yana kasa haɗiyar tuwo, ya bar shi ko ya aika a kira wanzami, gobe ba zai ce bai sani ba. Kai yaron asibiti a duba maƙogwaronsa yana cikin amanar da aka damƙa mana.

FASALI NA BIYAR

Tawakkali shi da biɗar magani,
Uwarsu guda, ba batun kishiya.

Wanda ya ƙi guga ya ce ya dogara,
Ƙishi zai kashe shi a bakin rijiya.

Sharhi: Wannan fasali shi ne cibiyar waƙar. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mani: "Malam, kai da ka san Allah, me za ka je nema wurin likita? Kwana in ya ƙare ya ƙare." Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, amma abin da ya gina a kanta bai tsaya ba. Abinci ma ba ya ƙara kwana, ba mu ga ya bar cin tuwo ba. Manzon Allah ya yi magani, ya yi umurni da a nema, kuma ya umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara. Annabi Ayuba da za a warkar da shi, sai da aka umurce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Tawakkali aikin zuciya ne, neman sababi aikin gaɓoɓi ne, kowanne yana da wurinsa. Hannu yana ɗaukar ƙwaya, zuciya tana sane da cewa Mai warkarwa ɗaya ne.

Ga abin da Allah Ya hore na sabubba a wannan ciwo. Akwai allurar fenisilin da ake yi duk mako uku ko huɗu don kada ƙwayar ta dawo ta ƙara ɓarna, likita ne ke yanke tsawon shekarunta. Akwai ƙwayoyin da ke fitar da ruwa ta fitsari, da masu daidaita bugu, da rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Akwai tsabtace baki, domin ƙwayar cuta tana bi ta ruɓaɓɓen haƙori ta sauka a kan ƙofa mai tabo, ka ga asawaki ya zama sunna da kariya. Idan ƙofa ta ƙuntace ƙwarai, wani lokaci ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya a hura shi a buɗe ta. Wani lokaci kuma sai an buɗe ƙirji a gyara ta ko a sauya ta. Tun 1960 aka ci nasarar sa wa mutum ƙofar ƙarfe a Amurka, a 2002 kuma wani likitan Faransa mai suna Cribier ya sa ƙofa ta jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba.

Ƙofar ƙarfe tana daɗewa, amma mai ita zai sha maganin tsinka jini, warfarin, muddin ransa, yana gwajin jini a kai a kai. Ƙofar da aka yi da tantanin dabba ba ta cika bukatar wannan ba, sai dai tana tsufa, sau da yawa bayan shekara 10 zuwa 20. Akwai ta saniya, akwai ta alade. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta ta biyun idan lalura ta kama babu madadi, amma mutum ya tambaya tun kafin a shiga da shi.

Tambihi: addu'a da tofi da sadaka ba su cin karo da maganin asibiti. Abin tsoro shi ne jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san abin da ke ciki ba, musamman ga mai shan warfarin, domin suna iya rage ƙarfinsa jini ya daskare ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko su ƙara shi jini ya ƙi tsayawa. Haka nan kada ya yi ƙaho ko ya cire haƙori sai da sanin likitansa. Wanda kuma ya ji sauƙi ya ajiye magani, ya sani sauƙin daga maganin ne, tabon yana nan.

FASALI NA SHIDA

Idan tsayuwa ta gagara in zauna,
In karɓi rangwame da godiya.

Abin da ya fi mani ciwon nauyi:
Jiya ni ke ɗauka, yau ni ne kaya.

Sharhi: Wata biyu na yi ban gaya wa uwargidana ba, ina ɓoye ƙwayoyi a cikin gafaka. Na ce da kaina tausayinta nake ji. Ranar da na gaya mata sai ta ce: "Malam, ai na daɗe da sani. Tun bara nake ƙara maka matashin kai, ina jin numfashinka da dare. Jira nake ka ɗauke ni mutum ka faɗa mani." Maganar nan ta fi ta likita shiga jikina. Na gane girman kai ne ya hana ni magana, ba na son a gan ni a raunane. Ɓoye ciwo ga mutanen waje sutura ce mai kyau, amma ɓoye shi ga wadda za ta yi jinya, za ta kuma riƙe marayu in ta Allah ta kasance, tauye mata hakki ne.

A nan na ga inda yarda da ƙaddara take zaune. Tana cikin abubuwa ƙanana na kullum: in bar yaro ya ɗaukar mani buhu, in tashi da wuri zuwa masallaci don in yi tafiya a hankali, in ci miyar da aka rage wa gishiri ban yi tsaki ba. Sahabin nan Imrana ɗan Husaini ya kai kukan ciwonsa, Manzon Allah ya ba shi izinin salla a zaune, in ya kasa, a kishingiɗe. Marar lafiya an sauƙaƙa masa azumi. Shekarar farko na ƙi shan ruwa a Ramadan don kada almajirai su gani, ga zafin bazara ga maganin fitsari, har na faɗi a sahu. Na tambayi kaina daga baya: wa nake yi wa wannan azumin? Wanda Ya wajabta shi ne Ya yi rangwame, ƙin karɓa don idon mutane riya ce da ta yafa mayafin taƙawa. Kowa ya haɗa shawarar likita amintacce da fatawar malami a kan halinsa.

Ina jan hankalin mazaje game da mata. Ciki yana ƙara wa zuciya aiki ƙwarai, mace da yawa ba a gane ƙofarta ta ƙuntace sai tana da juna biyu. Warfarin kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Idan likita ya ce a dakata da haihuwa ko a haihu a asibiti, mijin da ya ƙi ji ya ce Allah ke tsarewa, da ran wani yake tawakkali. Mai jego mai wannan ciwo kuma a ɗauke mata kunun kanwa.

FASALI NA BAKWAI

Mai hali, kar ka ba shi baki kaɗai,
Alhali kana kwance kan dukiya.

Haƙurinsa nasa ne, bai ɗauke maka
Hakkin da ke kanka ranar biya.

Sharhi: In ka ce: duk wannan magana ce ta mai kuɗi, talaka fa da aka ce sai an yi masa aiki, ba shi da ko kuɗin mota daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900? Sai in ce: wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma ni kaina ina cikinta, domin aikin da aka ce zan bukata nan gaba ya fi ƙarfin abin da na mallaka. Allah ba Ya kallafa wa bawa abin da ba ya iyawa. Wanda ya nema iyakar ƙarfinsa ya rasa, ba shi da laifi, ladan haƙurinsa cikakke ne. Ya riƙe abin da ya sauwaƙa, allura da ƙwaya da kiyaye abinci, domin suna jan lokaci da izinin Allah. Ya kuma ci gaba da tambaya, domin akwai masu yin aikin don taimako. A Sudan wata ƙungiyar Italiya mai suna Emergency ta buɗe cibiyar Salam kusa da Hartum a 2007, ta yi wa dubban mutane daga ƙasashen Afirka aikin zuciya kyauta, ko da yake yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya wahalar da hanyar zuwa can.

Amma akwai wani abu da ya kamata mu ji tsoronsa. Kalmar haƙuri tana da daɗi a bakin majinyaci, tana da hatsari a bakin mai hali. Sau nawa muke shiga ɗakin ɗan'uwa, mu ce Allah Ya sa kaffara ne, mu shafa fatiha mu fita, alhali abin da ya raba shi da magani bai kai abin da muka kashe a bikin suna ba? Shi an jarrabe shi da ciwo, mu an jarrabe mu da shi. Zakka da sadaka da asusun jama'a an yi su ne domin irin wannan rana. Jama'ar da ke iya tara kuɗin walima da na ziyara tana iya tara na allurar wata-wata ga marayan unguwa. Shi kuma majinyaci kada kunya ta hana shi karɓa, domin hannun ɗan'uwa ma sababi ne daga cikin sabubban Allah.

FASALI NA TAKWAS

Likita bai matso da kwanana ba,
Ya yaye labule ne ga duniya.

Ya Rabbi Ka ba mu haƙuri da yarda,
Mu cika da imani cikin shiriya.

Sharhi: Ranar da na fito daga ɗakin likita na ɗauka an yanke mani hukunci ne, sauran mutane kuma an sake su. Daga baya na ga ajalina yana inda yake tun ina cikin mahaifiyata, bai matso ba, bai ja baya ba. Tun da aka gaya mani, na yi wa mutum uku salla waɗanda suka zo gaishe ni da ƙafafunsu suna tausaya mani. Akwai kuma masu wannan ciwo da suka riƙe magani suka ga jikokinsu. Bambancina da mai lafiya shi ne ni an tunatar da ni.

Tunatarwar ta yi mani amfani. Na rubuta wasiyya, na bayyana bashin da ke kaina da wanda nake bi, na raba littattafan aro da nawa. Na je na nemi gafarar ƙanena da muka yi shekara shida ba ma magana a kan gona. Na dasa dabino biyu a bayan gida, ina ba su ruwa da buta da yamma. Ranar allura kuma ba na ƙetarewa. Har yanzu akwai daren da nake farkawa in ji bugun ya rikice, tsoro ya dawo. Sai in tashi zaune in yi ta istigfari har ya lafa, in ya ƙi lafawa in tada yaro ya kai ni asibiti. Ban ce na kai darajar yarda ba, ina dai kan hanya, ina roƙon ku addu'a.

Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka saka wa masu jinya da likitoci da alheri. Ka buɗa wa wanda ya rasa kuɗin magani, Ka tausasa zukatan masu hali. Ka tsare yaranmu, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, wanda ya gani ya gyara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Waƙa da sharhi sun cika da godiyar Allah.